Rigar da Aka Kawo Guga

In na taso daga makaranta, shagon guga nake tsarewa, littafina a buɗe gefen tebur. Ana gobe jarrabawa, ina shirin rufewa, wani saurayi ya miƙo min rigar makaranta irin tawa, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa.

"Goge min, gobe ina da jarrabawa."

Na ja tsaki. "Ƙaton banza, ko guga ba ka iya ba. Mu da muke aiki muna karatu fa?"

"Ni ma haka na cika baki a shagon nan," in ji shi, murya kamar daga rijiya.

Kamar kullum, na laluba aljihu kafin in ɗora dutsen guga. Katin jarrabawa na zaro, na shekara ashirin baya, da hotonsa.

Na leƙa ƙasan tebur. Ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa.