Alluran da Suka Tashi Tsaye

Ranar Litinin, a shekarar 1983, aka iske kwamfutar ofishin aikin gona na Birnin Kudu a buɗe, wani hannu na cikinta yana reto. Kafin ɗan sanda Sajan Haladu ya iso har an kulle maigadi, Baba Manu, don dai shi ne ba shi da kowa. Abin ya yi wa Sajan ciwo.

Hambali makanike ya cire agogonsa kafin ya nuna masa cikin injin. Faifai ne mai juyawa, da siririn hannu mai kai allurar karatu daidai layin da ake so. Naɗin wayar tagulla ke tura hannun, a cikin wani maganaɗisu mai girman tubali, wanda yanzu babu shi.

"Don me ka cire agogo?"

"Sabo ne, ranka ya daɗe. Ƙarfen nan haukata agogo yake yi."

Sajan ya bar zargin Hambali, domin an yage wayar da ƙarfin tsiya, alhali shi ya san inda kusoshin suke. Baba Manu kuwa hannunsa rawa yake yi, ko buta da ƙyar yake ɗauka.

Da fitowarsa ya ga direban ofishin, Mika'ilu, yana alwala.

"Sallar me za ka yi?"

Mika'ilu ya duba agogonsa. "Azahar. Biyu ta yi."

Ko sha ɗaya ba ta cika ba. Sajan ya hau babur sai gidan direban a Gwaram.

Matar direban, Zuwaira, mai ɗinki ce. Ya same ta a tsakar gida, ido ya faɗa.

"Kwana biyu ban shiga ɗakin nan ba, Malam. An yi hayaƙi, an yi tofi, aljanun ba su tafi ba."

Ya leƙa. A kan tabarma allurai bakwai ne a tsaye cak, babu mai riƙe da su. Ya jefa wata, ta ja ciki a hankali ta bi 'yan'uwanta. Duk da ya san dalili, sai da tsigar jikinsa ta tashi. Ya ɗaga tabarmar, ya tone sabuwar ƙasa, ga ƙarfen.

Da Sajan ya dawo ofis da ƙarfen, Mika'ilu bai yi musu ba.

"Saniyar mahaifina ce ta haɗiye ƙusa. Na ce in goga mata ƙarfen a ciki ya jawo ƙusar, in mayar kafin Litinin. Ta mutu a hannuna, tsoro ya hana ni dawowa da shi."

"Agogonka ne ya tona ka," in ji Sajan. "Duk wanda ya san injin cire nasa yake yi."

Kafin la'asar aka saki Baba Manu, Mika'ilu ya maye gurbinsa. Da Sajan ya koma ya gaya wa Zuwaira ɗakinta lafiya lau yake, ta daɗe tana kallon alluran da ke kwance.

"Mijina yana kallo ina kuka, bai ce komai ba," ta ce. "Da aljanun ne, da ya fi mini sauƙi."