Keken Ɗinki a Bakin Taga

Auta na tsakar gida tana matse wa Baba lemo, hankalinta na can wata duniya, sai ga Gwaggo ta faɗo da waya a hannu, ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Mijinki ya saki sabuwar waƙa. Ji da kunnenki."

Tun da ciwon Baba ya tashi Auta ta dawo gida jinya, da izinin mijinta, mawaƙin nan da dangi ba su taɓa so ba. Baba ya warware tuni, amma duk ranar da ta ɗauki jaka sai a ce ta ƙara kwana biyu. Shi kuwa gogan, kawaici kamar ya kashe shi, bai taɓa cewa ta dawo ba. Shirun nan ya fi komai ci mata rai.

Muryarsa ta taso daga wayar a hankali:

Ina cikin taro, amma ba ni da kowa,
Na zuba shayi kofi biyu, ɗaya ya huce,
Inuwata ma ta gaji da hira da ni.

"Kin ji ko?" Gwaggo ta taɓe baki. "Wata yake wa kuka. Mawaƙi da mace ɗaya? Yi zamanki, yayanki zai je ya sa shi ya sake ki."

Hawaye ya cika idon Auta, kishi ya turnuƙe ta. Sai baitin ƙarshe ya shigo:

Keke a bakin taga, na lulluɓe shi da zane,
Kullum ina ɗiga masa mai, kar ya manta ƙafarki.

Lemon ya suɓuce daga hannunta. Tsohon keken ɗinkinta ne, mai taurin feda, wanda kullum take masa mita a kai.

Baba ya yi gyaran murya daga kujerarsa. "Ɗauko jakarki, Auta. Jinyata ta ƙare, saura tasa."

Da yamma ta tura ƙofar ɗakinta a gidan mijinta. Ta yaye zanen, ta taka feda, keken ya juya sumul ba ko ƙara. Mijin yana tsaye da kofuna biyu, kamar mai tsoron ya farka daga mafarki.

"Me ya hana ka ce in dawo?"

"Yaya zan raba ki da mahaifinki yana kwance? Shi ne na faɗa wa duniya, ko za ta gaya miki."

Ta karɓi kofi ɗaya, da sauran zafinsa.

Haƙuri ya riƙe musu aurensu, amma Auta ta ɗauki darasi: kafin ka bari dangi su fassara maka zuciyar masoyinka, ka saurare shi har ƙarshe.