Darasin da Auta Ba Ta Buɗe Ba

"Kin sake faɗuwa."

Ba tambaya ya yi ba. Injiniya ya ajiye wayar da yake gyarawa, ya zuba wa Auta ido. Shagon nasa ƙarami ne, warin dalma ya cika shi, ga matattun wayoyi jere a kan kanta. Ba injiniyan gaske ba ne, ita ta raɗa masa sunan don tsokana, shi kuma ya rama da kiranta Ɗaliba. Yau dai babu tsokana a fuskarsa.

Auta ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafinta.

"Tambayoyin ne suka yi wuya..."

"Wuya? Ni da bakina na yi miki bitar nan, kika riƙa amsawa kamar ruwa. Ɗaliba, karo na uku ke nan fa."

"Jarrabawa sa'a ce."

"Ki dube ni ki sake faɗa."

Ta kasa. Ya ja numfashi ya sauke, muryarsa ta yi ƙasa.

"Da gangan kike yi. Na daɗe da sani, ina dai jira ki faɗa mini da kanki."

Gaskiyarsa ne. Auta karatun nesa take yi, irin wanda makaranta kan turo wa ɗalibi darussa ta waya ya saurara a gida, ajin share fagen shiga jami'a, fannin addini da falsafa da kyawawan ɗabi'u. Dokar makarantar kuwa ita ce, duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshe darussan sai su rufe a wayarsa, wanda ya faɗi a bar masa su ya maimaita. Malamar da ta naɗi darussan da muryarta ba kowa ba ce face Umma, mahaifiyar Auta, wadda ta rasu ba da daɗewa ba bayan ta gama naɗin.

Ga kuma alkawarin da aka yi tun Umma tana raye: ranar da Auta ta gama karatun, ranar za a sa bikinta da Injiniya.

"In na ci, za su ɗauke muryarta," ta faɗa da ƙyar. "Ka san halin da Baba yake ciki. Tun da idonsa ya tafi ba shi da abin da yake jira sai muryar nan. Gani yake tana nan... gani yake ba ta mutu ba."

"Ni fa? Ni me nake jira?"

Ta kawar da kai gefe.

"Sanyin idona, da namiji ne ya shiga tsakaninmu na san yadda zan yi da shi. Amma ban san yadda ake ja da wadda take kabari ba. Mahaifiyata har ta daina tambayata, shirunta kuwa ya fi tambayar ciwo." Ya ɗauki wayar da ya ajiye ba tare da ya dube ta ba. "Wannan zangon zan jira, shi ke nan. In kika sake faɗuwa, na gane amsata."

Ai ba wai bai nemi dabara ba. Ya taɓa kawo wata wayar ya ɗora kusa da tata don ya kwafi muryar. Da suka kunna abin da ya ɗauka, sai ga tarin Baba, ga kukan ƙofa, ga motar da ta wuce a titi, duk ras. Inda muryar Umma ya kamata ta fito kuwa babu komai sai wani shuuu, kamar ruwan sama a nesa. Ya canja waya, haka. Ya sake canjawa, haka. Mutumin da ba ya rasa bayani a kan kowace na'ura ranar tattara kayansa ya yi, bai ƙara tayar da zancen ba.

Bayan la'asar, kamar kullum, Auta ta riƙo hannun Baba ta kai shi ɗakin Umma. Ba a taɓa komai a ɗakin ba. Tabaraunta yana kan tebur, littattafanta a jingine da bango, kujerarta ta katako tana fuskantar taga. Auta ta zaunar da shi a bakin gado, ta ɗora wayar a kan kujerar, ta kunna.

"Assalamu alaikum, ɗalibaina. Yau za mu duba wata tsohuwar tambaya. Shin ƙaryar da aka yi don tausayi, ƙarya ce? Wasu masana sun ce a dubi abin da ta haifar. Wasu sun ce a dubi niyya. Wasu kuma sun ce gaskiya bashi ce a wuyanka, ko da za ta ɗaci. Ku dakata ku yi tunani."

Haka Umma take koyarwa. In ta jefa tambaya sai ta bar shiru mai tsawo don ɗalibi ya yi nazari. A cikin wannan shirun ne Baba yake ba ta amsa.

"Malama, ke dai ba kya rabo da tambaya," ya ce yana murmushi. "Ko gishiri aka ce ki miƙo sai kin tambayi dalili."

A nan ne Auta ta ji wata 'yar dariya ta fito daga wayar, gajeriya, ta hanci, irin wadda Umma kan yi in Baba ya tsokane ta. Tsigar jikinta ta tashi. Darasin nan ta haddace shi kamar sunanta, ba ta taɓa jin dariya a wurin ba. Ta mai da shi baya ta sake saurara. Shiru ne kawai, sai numfashin Umma a hankali.

Labulen taga ya motsa, alhali tagar a rufe take. Ɗakin ya ɗauki wani sanyi, tare da ƙamshin man da Umma kan shafa a hannu. Auta ta karanta abin da ya zo bakinta, ta ƙi waiwayawa wajen kujerar. Tsoro take ji, amma ko da wasa ba ta so abin ya daina.

Darussan suna da na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne Auta ba ta taɓa buɗewa ba. Umma ta naɗe shi ne ciwo ya riga ya ci ƙarfinta. Duk sanda aka zo gab da shi sai Auta ta koma na farko, inda muryar take da ƙarfi da fara'a.

Ranar da suka sake kaiwa wurin, ta miƙa hannu za ta mai da shi farko, sai Baba ya ce, "Kin ga, za ki sake mai da ita."

Ta janye hannunta.

"Kullum sai ta kai bakin ƙofa ki jawo ta. Ba kya jin yadda numfashinta yake nauyi? Baiwar Allahn nan ta gaji, Auta."

"Baba... Umma ce fa take karatu, yanzu za ta..."

"Ni na tsaya a kan kabarinta," ya katse ta a hankali. "Idona ne ya mutu, ba hankalina ba."

Ta zauna a ƙasa a gabansa.

"To me ya sa kake amsa mata?"

"Wanda ya zauna da mace tsawon rayuwarsa, in ta yi magana ya ƙyale ta? Kuma na ga ke ce ba ki shirya ba. Na ce bari in taya 'yata zama, kada ta zauna da murya ita kaɗai a ɗaki." Ya lalubo kanta ya dafa. "Ashe ke kina yi don ni, ni ina yi don ke, yaron mutane yana can yana tsufa a shago. Tashi ki kira mini shi."

Injiniya ya zo da saurinsa, ko hannu bai wanke ba. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Rana ta yi sanyi, haskenta ya kwanta a kan kujerar da babu kowa. Auta ta daɗe yatsanta a kan wayar kafin ta danna.

Muryar ta fito siririya, tana tsayawa tana hutawa.

"Ɗalibaina, darasinmu na ƙarshe a kan amana ne. Duk abin da yake hannunka, riƙo aka ba ka. Lafiyarka, iliminka, har mutanen da kake so. Mun yi magana a kan yadda ake riƙe amana. Yau ina so ku duba ɗaya ɓangaren, wanda ya fi wuya. Yaya ake mayar da ita in Mai ita ya aiko? Ku dakata ku yi tunani."

Shirun ya zo. Sai a cikin wayar aka ji kukan ƙofa, ƙofar nan dai da Injiniya yake jingine da ita, har sai da ya zabura ya matsa. Sannan wata murya ta ce, "Umma, ki bari haka, ki zo ki sha magani."

Auta ta toshe bakinta. Muryarta ce. Ta manta sarai da ranar, ba ta ma san an ɗauka ba.

"Autata, ki bar ni in gama," in ji Umma, ta yi 'yar dariyar nan ta hanci. "Kullum ke ce mai hana ni gamawa. Jeki, yaron nan mai haƙuri yana tsaye a waje tun ɗazu. Ba a barin mai haƙuri a tsaye."

Aka ji ƙofar ta rufe. Shirun ya ci gaba, Baba ya gyara zama ya fuskanci kujerar.

"Malama, na yafe miki duniya da lahira. Ki yafe mana, mun tsare ki. Allah Ya haskaka makwancinki."

"To, madalla," in ji muryar. "Nan muka kawo ƙarshe. Allah Ya yi muku albarka."

Wayar ta yi shiru. Labulen ya ɗaga sau ɗaya ya koma, sanyin ya fita daga ɗakin, ƙamshin ma ya tafi. Auta ta kifa kanta a gwiwar Baba ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwar. Ba wanda ya hana ta. Da ta ɗago, Injiniya yana share ido da bayan hannu, ya shafa wa fuskarsa baƙin da ke hannunsa bai sani ba.

"Ka ji dai da kunnenka," ta ce cikin shessheƙa. "An ce kada in bar ka a tsaye."

"To sai ki ci jarrabawa, Ɗaliba. Ƙafata ta fara sagewa."

Ta ci, kuma ita ta zo kan gaba. Ranar da sakamako ya fito ta buɗe wayar ta ga wurin darussan fayau, ta daɗe tana kallonsa, ta yi wa Umma addu'a ta kife wayar. Aka ɗaura aure, Injiniya ya rantse ba za a bar Baba shi kaɗai ba, ya kama musu gida shi da Auta a layin gidan Baba.

Har yanzu bayan la'asar Auta takan je ta riƙo hannun Baba ta kai shi ɗakin. Yanzu littattafanta na jami'a take karanta masa, a kan kujerar katakon take zama. Wata rana ta kai ƙarshen wata tambaya mai nauyi, ba ta san sanda bakinta ya ce, "Ku dakata ku yi tunani" ba.

Ta tsaya cak, don ba ta tabbata muryar wa ta ji ba. Baba ya daɗe fuskarsa na wajenta, idanunsa da ba sa gani sun cika da ruwa.

"Na yi tunanin," ya ce. "Ci gaba, Malama ƙarama, ina jin ki."