Farin Bangon Gidan Si Tahir

Sundus ta iso tashar jiragen ruwa da takalmi ɗaya, hannuwanta duk shuɗin fenti.

"Munsif! Wayyo Munsif!"

Yana zaune kan tsohuwar ganuwa, a jiƙe sharkaf. Jirginsa na can kan dutsen mashiga, ya rabe biyu. Da ma mahaifinta, Si Tahir, ya sha faɗa ba zai ba masunci 'yarsa ba, balle yanzu.

"Masoyina, ka ji ciwo?"

"A'a." Ya dubi hannunta. "Ke kika shafe bangon?"



Tun zamanin kakanni, masunta kan daidaita farin bangon gidan su Sundus da hasumiyar masallaci, su ratsa tsakanin duwatsu. Jiya Ziyad, ɗan baffanta mai neman aurenta, ya kawo fenti, wai baƙi sun fi son shuɗi. A tashar nan ya girma, ya san aikin bangon. Ita kuwa daga ciki kawai ta san shi.

"Akwai hazo da safe," in ji Munsif. "Bango da teku suka zama ɗaya."

Masunta suka taru, Si Tahir na bayansu. Jilani, shugabansu, ya ce, "Kai da kake shiga nan ido rufe, me ya same ka?"

In aka ambaci bango, ba mai sake gaida Si Tahir a garin.

"Gyangyaɗi na yi," in ji Munsif.

"Gwauro da barcin angwaye!" wani ya ce. Aka kwashe da dariya.

Sundus ta dubi teku. Jirage shida ba su dawo ba tukuna.

"Ƙarya yake yi!" Ta ɗaga hannuwanta. "Ku dubi bangonmu... Ni ce."

Dariya ta ɗauke. Si Tahir ya daɗe yana kallon gidansa, sannan ya tuɓe kwat.

"A kawo farar ƙasa."

Kafin azahar bango ya koma fari, jiragen suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Ziyad bai taɓa buroshi ba.

Si Tahir na saukowa daga tsani ya tarar Munsif ne ke riƙe masa.

"Ashe maƙaryaci ne kai."

"Haka ne, Baba."

"Ba ka ma iya ba. Turo min kawunka ranar Juma'a."

"Ba ni da jirgi..."

"Na sani. Gidana ne ya fasa shi." Ya juya ga Sundus. "Ke kuma je ki nemo takalminki."