Malam Jira

Ranar Asabar suka fara haɗuwa, a ajin ƙarshen baranda, mai ƙofar da ba ta rufuwa. Nan masu aikin sa-kai suke koya wa 'yan aji biyu karatu, kowa da yaronsa. Ita tela ce, hannunta da bakinta duk sauri gare su, kuma ranar ce zuwanta na farko.

Yarinyar da aka ba ta ta tsaya cak a kan wata kalma. Nan take ta faɗa mata.

"Kin ƙwace mata," in ji wani dogon saurayi a bencin gefe. Makaniki ne, ƙumbarsa ma ta nuna. "A nan in yaro ya tsaya, shiru muke yi. Ki sa yatsa ƙarƙashin kalmar, ki jira. Tana nan zuwa."

Ta harare shi. "To sannu, Malam Jira."

"Yauwa, Sarkin Gaggawa."

Shi ke nan, sunaye suka bi su. Kafin wata shida so ya kama su kamun da ba wasa.

Wata Asabar da yamma ya turo mata saƙo: "Gaggawata, na ga kina cije leɓe don kada ki faɗa wa yarinyarki kalmar. Wallahi tausayi kika ba ni, sonki kuma ya ƙaru."

Ta mayar: "In leɓen ya kumbura laifinka ne, Jirana."

Sai dai Babanta, tsohon hedimasta, ya ce atafau.

"Makanikin da ko sakandare bai gama ba? Ga ɗan aminina ma'aikacin banki yana ta sintiri. Ba zan yi miki dole ba, amma bakina ba zai ce na ba wancan ke ba."

Ita kuwa ta san ba za ta iya aure ba sai da kalmar Baba.

Asabar ta zagayo, ya tare ta a baranda. "Yaushe zan turo manya?"

Ta buɗe baki, magana ta maƙale, sai hawaye. Shi kuwa ya yi abin da ya saba yi wa yara, ya yi shiru yana jira. Ta ɗauki jakarta ta tafi.

A satin nan Baba ya yanke jiki ya faɗi. Ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Ta daina zuwa aji, kullum tana asibiti tana duba waya, ko gaisuwa babu. A ranta ta ce ya ji labarin na banki ne ya janye. Shi kuma yana gareji yana ramewa, wai amsa take nema, ba zai ƙwace mata ba. Kai, wauta! Sati biyar suka yi a haka, kowa na kuka a ɓoye.

Da abin ya ishe ta, ta rubuta: "Ka bar ni ne? Baba ya faɗi sati biyar ke nan."

"Innalillahi! Ban sani ba. Na ɗauka lokaci kike so, shi ya sa na yi shiru. Ki yafe min, ga ni nan."

"Ni ba 'yar aji biyu ba ce. Akwai lokacin da ake magana."

Ya zo ya tarar an dawo da Baba gida, kwance kusa da taga. Da Baba ya motsa baki sai kowa ya riga shi: "Ruwa? Magani? A tashe ka?" Mutumin da ya koya wa dubban yara karatu, yau sai dai ya juya kai bango yana hawaye. Na banki ya zo sau biyu, yana ɗaga murya kamar da kurma yake magana, bai sake leƙowa ba.

Malam Jira ya kawo katunan baƙaƙe na aji. Kullum bayan la'asar zai zauna a bakin gado, ya sa yatsa ƙarƙashin kalma, ya yi shiru. Ranar farko Baba ya ture katunan. Ya tsince su, gobe ya dawo. A sati na uku Baba ya ce "ruwa" da bakinsa, Mama ta fita tsakar gida ta fashe da kuka.

Wata rana ba kati a gabansa Baba ya kama hannun saurayin.

"Na..."

Mama ta zabura. "Na gaji? Na ƙoshi?"

Sarkin Gaggawa ce ta riƙe ta. "Mama, ki jira."

Ɗakin ya yi tsit. Baba na gumi, leɓensa na rawa. An daɗe.

"Na... ba... ka."

Saura kwana tara ɗaurin aure Allah ya karɓi ran Baba. Aka ɗaga biki, daga baya aka yi shi ba hayaniya. Da aka nemi ƙanin Baba ya bayar da ita, sai ya ce:

"Ni shaida ne kawai. Ubanta ya riga ya bayar."

Da aka kai amarya, ta zauna a bakin gado da katunan nan a hannu. Ta so ta yi magana, ta kasa. Ya yi shiru kaɗan, amma wannan karon bai daɗe ba.

"Na sani, Gaggawata. Ni ma ina kewarsa. Ga ni nan."

Allah ya jiƙan Baba, ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.