Ƙwayar Da Inna Ta Ƙona

Nuriyya na tsugune a bakin murhu tana hura wuta, sai ga uwar mijinta, Inna Hajo, ta fito daga ɗakinta riƙe da katin wasu 'yan fararen ƙwayoyi.

"Auta! Fito ka ga abin da matarka take kashe min jikoki da shi!"

Musaddiq, autan Inna, ya fito ko takalmi babu. Shekara biyu ke nan da aurensu, auren soyayya tun ta sakandare, amma Nuriyya ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

"Wallahi Inna maganin maƙoƙo ne," in ji Nuriyya, idonta ya ciko. "Likita ya ce wata halitta ce a wuyana ba ta aiki sosai, dole kullum da safe in sha."

"Ina maƙoƙon? Wuya sumul kamar na kwalba! Ga ranaku a rubuce a jiki, sak irin ta hana haihuwa da na gani wajen 'yar maƙwabciyarmu Gumsu. Ni za a yi wa boko?"

Ta cilla katin cikin wuta, ta koma ta kwaso sauran katuna biyu ta ƙara.

Abin haushin, Musaddiq ya san gaskiya, don shi yake sayowa daga Kano. Amma mutumin da in ya ɗaga murya a kasuwar kifi ta Haɗeja kowa ke shiru, a gaban Inna bakinsa mutuwa yake. Sai da suka shiga ɗaki ya ce, "Ki yi haƙuri my dear, sati biyu kawai, ta huce in shiga Kano."

"To, Yaya," kawai ta ce.

Sati biyun bai cika ba korona ta sa aka rufe hanya. Ya zaga kemis-kemis har garin Malam Madori, bai samu ba. Yana ji yana gani fuskar matarsa ta kumbura, muryarta ta dushe, tana rufa da bargo cikin zafin bazara. Inna ta ce lalaci ne. Nuriyya kuwa ko a waya ba ta faɗa wa iyayenta a Jahun ba, wai kada su ga baƙin mijinta.

Sai tari ya zo, zazzaɓi ya biyo. Ranar da numfashinta ya fara sarƙewa, a keke napep ya kai ta asibiti, Inna na riƙe da ƙafafunta. Gwaji ya nuna korona ce.

Kwana uku bayan haka likita ya kira shi baranda.

"Yaushe ta daina shan maganinta?"

"Wata biyu ke nan, Dakta..."

"Wata biyu! Malam, maganin nan shi ke riƙe mata jiki. Cutar ta same ta ba ƙarfin faɗa, zuciyarta ma a hankali take bugawa. Muna iya ƙoƙarinmu. Sai dai cikin kam ya zube."

"Wane ciki?"

"Na wata uku. Ba ku sani ba?"

Musaddiq ya sulale ƙasa. Ashe ran da aka ƙona ƙwayar, jikan da ake faɗan a kansa yana nan. Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, kukan baƙin ciki da jin kunyar kansa. Da ya fito bakin get inda Inna ke zaune a tabarma, karo na farko a rayuwarsa ya dube ta ido cikin ido ya faɗa mata komai.

"Ba ke kaɗai ba ce, Inna. Ke ba ki sani ba. Ni na sani, na yi shiru."

Kwana goma sha tara Nuriyya ta yi kafin a sallame ta. Yayanta Sa'idu ya zo daga Jahun a fusace, ya rantse da ita zai tafi. Inna ta durƙusa a gaban surukarta, tsohuwa da furfurarta.

"Ki yafe min, 'yar nan. Ki tafi ma, ba ki yi laifi ba."

"Haba Inna, tashi don Allah!" Nuriyya ta kama hannunta tana hawaye. "Yaya Sa'idu, ka gaida su Umma. Ina ɗakina."

Biyayya ga iyaye wajibi ce, amma ɓoye musu gaskiya don tsoron fushinsu cutarwa ce gare su da wanda aka ba ka amanarsa. Allah bai bar haƙurin Nuriyya a banza ba, bayan shekara biyu ta haifi mace, aka sa mata Adila.

Sai dai har yau, in aka tambayi Inna Hajo jikoki nawa Auta ya ba ta, takan sunkuyar da kai.

"Biyu," take cewa. "Ɗaya ban bari na gan shi ba."