Totur Ya Ɗaukaka Ƙara

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai ya sha dalma!"

Muryar Oga, shugaban 'yan fashi, ke nan a shagon gwal, da rana tsaka. A waje Totur, direbansu, yana jira a mota. Shekara goma ya yi yana jan tasi kafin ya shigo harkar, saboda haka da ya ga an wuce minti biyar, sai ya kashe mota kada mai ya ƙone a banza.

Tau! Harbi ɗaya. Oga da yaronsa Dogo suka fito a guje.

"Ja mu ware!"

Totur ya murɗa makulli — shiru. Ya sake — shiru!

"Kashe ta ka yi? A bakin aiki?"

Jiniya ta taso. Oga da Dogo suka haura katanga da jakar gwal. Shi kuwa gogan, 'yan sanda suka tarar da shi yana roƙon jama'a su taya shi turi.

Oga, da yake mutumin kirki ne, ya aiko masa lauya mai sheƙin takalmi.

"Duk abin da aka karanta maka, ka ce haka ne," in ji lauya. "Kada ka ambaci kowa. Shekara biyu ce, ka fito ka tarar da kasonka."

Aka karanto doguwar takarda. Totur ko saurare bai tsaya yi ba, ya ce haka ne. Alƙali ya zabga masa shekara ashirin da ɗaya.

'Yarsa a lokacin rarrafe take, tunaninta ya hana shi sakat. Ya matsa wa lauya sai da aka ɗaukaka ƙara: hukuncin ya yi tsauri, shi direba ne kawai.

Ranar zama, babban alƙali ya gyara tabarau.

"Direba kawai? Takardar da ka amsa ta ce kai ne shugaban gungun, kai ka harbi mai gadi."

Totur ya waiwayi lauya. Lauya ya duƙufa kallon fanka.

"Ranka ya daɗe, wallahi Oga ne ya..."

"Sunansa?"

Shekara uku suna aiki tare, amma da "Oga" kawai ya san shi.

"Wannan kotu tsawon hukunci take dubawa, ba laifin da ka amsa da bakinka ba. An ma yi maka sauƙi. An kori ƙara."

A bayan motar gidan yari ya zauna yana ƙirga shekarun 'yarsa da yatsu, yatsun suka ƙare har sau biyu. Tun safe motar take a kashe. Direba ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi. Nan Totur ya fashe da kuka.